Turara Katako da Amoniya: Nazarin Yadda Gustav Stickley Ya Sa Wa Kayan Ɗakinsa Duhu

A shekarar 1900 ne wani mai masana'antar kujeru daga Syracuse a jihar New York ta Amurka, Gustav Stickley, ya kai sabbin kayansa baje kolin da ake yi a garin Grand Rapids na jihar Michigan, cibiyar cinikin kayan ɗaki a ƙasar a wancan lokaci. Kamfanin Tobey na Chicago ne ya fara sayar masa da su. Kafin shekara ta zagayo salon nasa ya zauna daram: katako miƙaƙƙe mai kauri, babu sassaƙa, babu lanƙwasassun ƙafafu, mahaɗar katako da katako a fili kowa na gani. Abin da ya fi ɗaukar hankali kuwa shi ne launin. Ruwan ƙasa ne mai duhu, marar ƙyalli, wanda idan ka gani sai ka ɗauka kujerar ta gaji kaka da kakanni, alhali sabuwa ce fil.

Ba fenti ba ne, ba kuma rini ba ne a asalinsa. Turara katakon aka yi da tururin amoniya. Wannan rubutu zai bi diddigin yadda aka yi aikin, abin da ya sa ya yiwu a kan wannan katako, inda ya gaza har aka koma ga rini, da abin da kasuwa ta yi wa mai shi daga baya.

Abin da ya tarar

A ƙarshen ƙarni na 19 gidajen masu matsakaicin hali a Amurka cike suke da kayan itacen ok, wani itace mai ƙarfi na ƙasashen sanyi da ba ya fitowa a wajenmu. Yadda ake gama su a masana'anta kusan iri ɗaya ne: a cike ƙofofin katakon, a shafa launin zinariya, a bi da banish mai kauri har ya riƙa ɗaukar ido kamar gilashi. Stickley ya tsani wannan. Ya sha karatun John Ruskin da William Morris na Ingila, masu cewa a bar kayan aiki su nuna ainihinsu, kada a ɓoye ƙarfe ko katako a ƙarƙashin ado. Fitowar farko ta mujallarsa, The Craftsman, a watan Oktoban 1901, kacokan a kan Morris aka yi ta, ta biyu kuma a kan Ruskin.

To amma aƙida ba ta gyara launi. Sabon ok fari ne fat, da ɗan rawaya-rawaya, kuma kujera marar ado da aka yi da shi aka bar ta haka ba ta da bambanci da akwatin kaya a ido. Shi kuwa launin tsoffin kayan ok na majami'u da gidajen Turai yake so, wanda iska da hayaƙi suka ɗauki ɗaruruwan shekaru suna dafawa. Tambayar ita ce yadda za a samu wannan launi cikin kwanaki ba tare da an lulluɓe zanen katakon ba.

Zanen kuwa shi ne jarinsa. Farin ok yake amfani da shi, kuma ba yankan da aka saba ba. Akan raba gungumen gida huɗu tukuna, sannan a yanko alluna ta yadda zoben shekarun itacen zai tsaya a tsaye a bakin allon. Wannan yanka yana da ɓarna, allunan ba su da faɗi, saboda haka ya fi tsada. Amma allon ba ya saurin kantarewa idan yanayi ya canza, kuma a fuskarsa akan ga wasu faffaɗan zane masu walƙiya, waɗanda su ne jijiyoyin da ke tafiya daga tsakiyar itace zuwa ɓawo. Wanda ya biya kuɗin irin wannan yanka ba zai so a shafe masa zanen da laka ba.

Rinin da aka saba da shi kuwa kusan laka ne: garin launi da aka dama da mai. Idan aka shafa shi a kan ok, sai ya taru a manyan ƙofofin katakon ya yi baƙi ƙirin, ya zame daga wurare masu tauri ya bar su fari. Abin da ke fitowa shi ne layi baƙi, layi fari, mai tsananin bambanci, ba launi ɗaya mai zurfi ba. Idan aka ƙara kauri don a daidaita, zanen ya nutse. Akwai kuma rinin anilin, wanda ya samo asali daga binciken William Perkin a Ingila a 1856. Shi yana narkewa tas a ruwa ko sifirit, yana shiga katako ba ya rufe zane. Aibinsa shi ne na wancan zamani ba ya jure hasken rana, teburin da ke bakin taga sai ya koɗe.

Ɗakin turare

Stickley bai ce shi ya ƙago turara katako ba. A littafinsa na 1909, Craftsman Homes, ya ba da labarin cewa a Ingila aka gano abin, lokacin da aka ajiye allunan ok a bargar dawaki, bayan wani lokaci aka tarar sun yi ruwan ƙasa mai kyau, aka bincika aka ga tururin amoniya da ke tashi daga fitsarin dabbobi ne ya jawo. Ya ƙara da cewa, a iya saninsa, a masana'antarsa ne aka fara gane dalilin. Wannan kashi na biyu na ɗauke shi a matsayin zancen ɗan kasuwa mai tallar hajarsa. Amma dalilin da ya bayar daidai ne.

A cikin ok akwai sinadarin tanin da yawa, wannan abu mai bauri da ke cikin bagaruwa da ganyen shayi da ɗanyen goro. Idan tururin amoniya ya ratsa ƙofofin katakon ya haɗu da tanin, ga kuma iska, sai tanin ɗin ya rikiɗe ya yi duhu. Ba a ƙara wa katakon komai mai launi ba, abin da ke cikinsa ne ya canza. Bambancin wannan da shafa launi a sama kamar bambancin lalle ne da jan farce: ɗaya ya kama jiki, ɗaya kuwa ana iya kankare shi. Launin turare yana shiga ciki fiye da yadda rinin mai ke shiga, don haka idan bakin tebur ya goge da hannu, ko kujera ta ɗan ƙarce, ba fari ke leƙowa ba.

Tsarin da ya bayyana mai sauƙin faɗa ne. A haɗa kujerar ko kabad ɗin a gama, a goge da samfefa, a tabbatar babu gam ko maiƙon hannu a jiki, domin duk inda suka toshe tururi ba zai shiga ba. A sa kayan a akwati ko ɗaki da iska ba ta fita. A jera faranti marasa zurfi a ƙasa, a zuba ruwan amoniya mai ƙarfin kashi 26 cikin 100, a rufe. Ya ce tsawon lokacin ya danganta da yadda ɗakin ya toshe, amma galibi awa 48 ta isa. Idan abin ya fi ƙarfin akwati, kamar katakon bangon ɗaki da an riga an kafa, sai a shafa ruwan amoniyar kai tsaye da soso ko burushi, a bari ya bushe, a goge gashin da ruwan ya tayar, a sake.

Wannan kashi 26 ba abin wasa ba ne. Amoniyar wanke-wanke da ake sayarwa a kanti ba ta wuce kashi 5 zuwa 10, ita ma tana sa hawaye. Mai ƙarfin tana ƙona ido, tana ƙona maƙogwaro da huhu, ɗigo ɗaya a ido na iya jawo makanta. Masu yin aikin a yau suna sa takunkumi na musamman mai matatar amoniya da tabarau mai rufe ido ruf da safar roba, kuma a waje suke kafa tantinsu. Takunkumin ƙura na kafinta bai tsare komai a nan. Haɗa amoniya da ruwan bilic kuwa guba ce ke tashi, wannan ya kamata ko mai wankin banɗaki ya sani.

Akwai wasu ƙananan abubuwa da duk wanda ya yi aikin yake koya. Faranti ya zama na gilashi ko tangaran, domin amoniya na cin jan ƙarfe da tagulla. Hannayen aljihun tebur da maratayan ƙofa na jan ƙarfe da Stickley ya shahara da su, sai an gama turare ake kafa su. (Sojojin Ingila a Indiya sun taɓa fama da kwanson harsashi na tagulla da ke tsagewa a lokacin damina, daga baya aka gano a bargar dawaki ake ajiye su. Tururin da ya gyara katako shi ne ya ɓata tagulla.) Sannan kayan kan fito daga ɗakin turare da launin toka-toka marar ban sha'awa, har sabon shiga ya ɗauka ya yi ɓarna. Sai an shafa mai ko shalak, wani ƙaro da ake narkarwa a shafa wa katako, launin gaskiya ke tasowa. Shi ya sa ake sa guntayen katako na gwaji tare da kayan, a riƙa zaro ɗaya lokaci-lokaci ana shafa masa mai a ga inda aka kai. Da zarar duhun ya wuce yadda ake so, babu komawa baya sai dai a fere katakon.

Inda turare ya gaza

Nan ne lamarin ya fi amfani ga mai sana'a, kuma nan ne masu yabon Stickley suka fi tsallakewa.

Tanin ba daidai yake a kowane itace ba. Bishiyoyi biyu na ok daga daji ɗaya suna iya bambanta. A cikin bishiya ɗaya ma, zuciyar ce ke da tanin, farin gefen da ke kusa da ɓawo kusan babu. Saman tebur kuwa da alluna huɗu ko biyar ake haɗa shi. Kafin turare dukkansu fari ne, ido ba ya rabewa. Bayan awa 48 sai a buɗe ƙofa a tarar ɗaya ya yi duhu sosai, na kusa da shi ya tsaya rabin hanya, wani kuma da farin layi a gefensa kamar ba a sa shi a ɗakin ba. Maganin da ya fi shi ne a yi kujera ɗaya da katakon bishiya ɗaya, a kuma fere farin gefen a yar. Kafinta mai yin tebur ɗaya a wata zai iya. Masana'anta mai sayen katako tuli daga wurare daban-daban ba za ta iya ba.

Saboda haka Stickley ya koma ga rini, kuma bai ɓoye ba. A bayaninsa ya ce a nemi rinin anilin ruwan ƙasa mai narkewa a sifirit, a dama shi da wani siririn man gamawa da ake ce wa na Jamus, mai ƙamshin ayaba, a tsinka da sifirit har ya yi daidai. Da wannan ake bin wuraren da suka yi haske kaɗai, ba dukan kujerar ba. Hannu ɗaya na riƙe da burushi, ɗaya na biye da busasshen ƙyalle mai laushi yana goge iyakar da rinin ya haɗu da inda turare ya kama, don kada layi ya fito.

Bayan wannan sai shafin gamawa: kashi ɗaya na farin shalak, kashi biyu na wancan man na Jamus. Shalak wani ƙaro ne da wasu ƙananan ƙwari ke fitarwa a rassan itatuwa a Indiya da Tailan, ana narkar da shi a sifirit. Idan duhun turare ya yi yadda ake so, a shafa haɗin haka nan babu launi. Idan bai kai ba, a ɗiga masa kaɗan daga rinin da aka yi gyara da shi. Ya yi gargaɗi a nan, kuma gargaɗin na nan daram har yau: man gamawa mai launi yana saurin bushewa, duk inda burushi ya bi sau biyu wurin zai fi duhu, sawun ya tsaya. Don haka ya fi kyau a yi shafi biyu, kowanne da launi ɗan kaɗan, a goge tsakaninsu da samfefa mai laushi, maimakon shafi ɗaya mai nauyi. Daga ƙarshe a bi da kaki a goge.

Idan aka duba da kyau, launin kujerar Stickley hawa uku ne. Mafi yawansa a cikin katakon yake, daga turare. Kaɗan yana kan fatar katakon, daga rinin gyara. Ɗan ƙalilan kuma yana cikin man gamawar. A ganina wannan jeri shi ne ainihin gwanintar, ba amoniyar kanta ba. Launin da ke cikin man gamawa shi ya fi sauƙin sarrafawa, domin ba ruwansa da yawan tanin ko yadda katako ke shan ruwa, a sama yake kwance bai ɗaya. Amma shi ne kuma ya fi rauni: yana dushe zane idan ya yi yawa, yana tafiya idan man ya goge. Stickley ya ba shi ƙaramin aiki, ya bar babban aikin ga abin da ba ya gogewa. Ko da anilin ɗin ya koɗe bayan shekaru, abin da zai rage a ƙasa ruwan ƙasa ne, ba fari ba.

Ya kamata a lura cewa wannan bayani ga masu aiki a gida ya rubuta shi. A masana'antarsa da ke Eastwood, gefen Syracuse, haɗe-haɗen sun yi ta canzawa. Kayan farko-farko na 1901 da 1902 sukan fi duhu da nauyi. A 1903, lokacin da mai zanen gine-gine Harvey Ellis ya yi aiki da shi na 'yan watanni kafin rasuwarsa a farkon 1904, an fitar da kaya masu siririn jiki da aka dasa wa adon jan ƙarfe da farin ƙarfe, kuma duhun katakon ne ke sa adon ya fito.

Abin da kasuwa ta yi

Salon ya karɓu, kuma karɓuwar ce ta zama matsala. Kujera marar sassaƙa ba ta da wuyar kwaikwayo. Cikin 'yan shekaru masana'antu da dama suka shiga yin irinta, aka riƙa kiran salon Mission, sunan da Stickley bai so ba. Har 'yan'uwansa na jini suna cikin masu gasa da shi: Leopold da John George sun kafa kamfanin L. & J.G. Stickley a Fayetteville, 'yar tafiya kaɗan daga Syracuse, Albert kuma yana Grand Rapids da nasa. Waɗannan aikinsu mai kyau ne. Amma a ƙasansu akwai masu araha, har da na kundin odar kamfanin Sears, kuma da yawa daga masu arahar jan ok ko yankan gama-gari suke saya su shafa rini mai duhu su rufe da banish. Jan ok ma ba ya amsa turare yadda farin ke yi, yakan karkata zuwa kore-kore, don haka rini ya fi musu.

A cikin kanti, mai saye na ganin kujeru biyu masu ruwan ƙasa, ɗaya ta fi ɗaya tsada nesa ba kusa ba. Fifikon turare ba a ranar ciniki yake bayyana ba, sai bayan shekaru, ranar da hannun kujera ya goge. Stickley ya yi ta buga tambarinsa a jikin kaya yana gargaɗin mutane a mujalla game da jabu, amma gargaɗi bai rage farashi.

Ba zan ce wannan ne ya karya shi ba, domin ba gaskiya ba ne. A 1913 ya kama wani bene mai hawa 12 a tsakiyar birnin New York, ya zuba shaguna da ofisoshi da gidan abinci a sama, kuɗin da ya fi ƙarfin cinikinsa. A daidai lokacin sha'awar mutane ta fara komawa ga kayan salon zamanin mulkin mallaka na Amurka, masu sauƙin nauyi da haske. A 1915 kamfanin ya durƙushe, mujallar ta tsaya a Disambar 1916. Ya koma Syracuse ya zauna a gidan 'yarsa, ya ci gaba da gwaje-gwajen man gamawa har ya rasu a 1942.

Shekaru da dama kayansa suna matsayin tsofaffin tarkace. Wasu aka yi musu fenti, wasu aka kankare su aka sake musu banish mai sheƙi. Nunin da aka shirya a Jami'ar Princeton a 1972 kan wannan salo ne ya dawo da hankalin masu tara kayan tarihi. A Disambar 1988 mawaƙiya Barbra Streisand ta sayi kabad ɗin cin abinci da aka yi wa gidan Stickley na titin Columbus a kan dala 363,000 a gwanjon kamfanin Christie's, aka sake sayar da shi a 1999 a kan dala 596,500. A wannan kasuwa tambayar farko da ake yi ita ce ko fatar asali ce a jikin kayan. Wanda aka kankare darajarsa na faɗuwa sosai, domin injin samfefa mai ci yana iya ratsa inda turare ya kai, kuma hawa biyun na sama sun tafi ke nan. Rinin zamani na iya kusantar launin, amma masana na ganewa.

Katakon da ke hannunmu

Ok ba ya cikin katakon da kafintocinmu ke saye, kuma ban ga dalilin da zai sa wani ya nemi amoniya mai kashi 26 ya ajiye a shagon da yara masu koyon aiki ke kwana ba. Amma buƙatar iri ɗaya ce. Uwar amarya ta zo ta ce, "Malam, gadon nan da wadirof ɗin a yi musu kalar kofi, kada su yi haske." Katakon kuwa gauraye ne, wani ja wani fari, abin da aka samu a kasuwa. Hanyar da ta fi sauri ita ce a zuba launi mai yawa a cikin banish a fesa har komai ya zama ɗaya. Ranar jere kaya sun yi kyau. Kafin a yi suna an ja gadon sau biyu, kusurwa ta bugi ƙofa, fari ya fito.

Ilimin tanin kuwa ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, sai dai a wajen masu fata yake, ba a wajen kafintoci ba. Majema da bagaruwa suke jima, wato suna cika fatar da tanin. Baƙin da dukawa ke yi wa fata, kuloko, ruwan ƙarfe ne, kuma yana kamawa ne saboda ƙarfen ya tarar da tanin a jikin fatar. Wannan haɗuwa tana aiki a katako ma, kafintocin Turai sun daɗe suna baƙanta ok da ita. A jiƙa soson ƙarfe marar sabulu a ruwan khal na 'yan kwanaki, kada a toshe murfin domin iska na tashi daga ciki, a tace, a shafa. Katako mai tanin zai koma toka-toka ko baƙi mai ɗan shuɗi cikin mintuna. Wanda ba shi da tanin sai a fara ba shi: a shafa jiƙon bagaruwa ko shayi mai kauri, a bari ya sha iska, sannan a bi da ruwan ƙarfen. Launin bai kai zurfin na turare ba, kuma ya fi karkata ga baƙi fiye da ruwan ƙasa, amma a cikin fatar katakon yake, ba ya rufe zane. Ruwa na tayar da gashin katako, don haka a jiƙa shi tun farko a goge kafin a fara. Ƙusa ko ƙarfen da ya taɓa jiƙaƙƙen katako mai tanin shi ma zai bar baƙin tabo, dalilin ɗaya ne.

Dangin maɗaci, wato mahogani, suna yin duhu da kansu idan suka sha haske da iska, haka ma iroko, wanda ke fitowa rawaya daga injin yanka ya koma ruwan ƙasa cikin watanni. Sau da yawa abin da mai kaya ke nema zai zo da kansa idan aka shafa mai marar launi aka yi haƙuri. Idan ana sauri, ruwan toka ko na soda yana jawo ja mai duhu daga mahogani, sai a bi shi da ruwan khal mai sauƙi a kashe kaifinsa, a bari ya bushe sarai kafin man gamawa. Duk wannan a kan guntun da ya rage daga allon da aka yi aikin da shi ake fara gwadawa, a kuma shafa wa guntun man gamawar, don launin da ke kan busasshen katako ba shi ne na ƙarshe ba. Baƙin man inji da wasu ke shafa wa katakon rufi saboda gara, kada ya kusanci abin da mutum zai kwanta a kai ko ya ci abinci: ba ya bushewa, yana wari, banish ba ya kama shi, kuma akwai dattin inji a cikinsa.

Saura fararen katako masu laushi irin obeche da malaina, waɗanda su suka fi yawa a kayan araha. Su ba su da abin da za a tayar daga ciki, kuma suna shan rini ba daidai ba, musamman a bakin yanka inda ƙofofi ke buɗe, wurin yakan yi baƙi fiye da ko'ina. A nan tsarin Stickley na hawa-hawa ne ke da amfani ko da babu turare. A fara da siririn shafin sila, man toshe ƙofofin katako, da aka tsinka sosai don ya rage shan, a goge sama-sama. A bi da rini mai narkewa wanda bai kai duhun da ake nema ba, ya zama shi ne ƙasa. A gyara allunan da suka fi haske su kaɗai. Sannan a cike ragowar duhun da launi kaɗan a cikin banish, shafi biyu ko uku masu sauƙi, a rufe da shafi ɗaya marar launi wanda shi zai ɗauki gogayya. Aikin zai ƙara kwana ɗaya ko biyu, kuma duk da haka gara a gaya wa mai kaya tun wajen ciniki cewa wannan farin katako ne aka rina, idan ya sami sara mai zurfi fari zai nuna.